Shekarar da Babanku Ya Faɗi Zaɓe

Da Babbar Sallar da ta wuce ina tsakar gida ina gyaran kayan ciki, ku kuma kuna falo kuna gardama a kan wani mai neman shugabancin ƙasa da ya taɓa sa kakin soja. Wasunku suna cewa wanda ya ga yaƙi da idonsa ba zai so a sake ba, wasu suna cewa soja bai san wata hanya ba sai ta bindiga. Ban sa baki ba, don ban san mutumin ba, ban kuma san abin da ya gani ba. Sai na ji ɗaya daga cikin jikokina yana cewa ai kakansu ma soja ne, amma an gaya masa ranar da aka tashi faɗa a garinsu zamewa ya yi. Aka yi dariya aka wuce. Ban ga laifin yaron ba, abin da ya ji ke nan. Babanku bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba har ya koma ga Allah. Ni kuwa ina wurin, don haka zan faɗa muku abin da na gani da wanda ya gaya mini.

Kun san ni 'yar Tambuwal ce, gidanmu gidan malamai. Mahaifina na cikin waɗanda suka fara barin 'ya'yansu mata su yi boko, har na yi karatun ungozoma na kama aiki a asibitin garin. Babanku, Umaru, ba ɗan gari ba ne. Ƙauyensu na ƙasar Kebbe, gaba da Fakku, a bakin gulbi. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa Hajo ce ta goye shi ta raine shi, ita ce gwaggonku. Da yaƙin basasa ya tashi ya tafi Sakkwato ya ba da sunansa a soja tare da wasu samarin ƙauyen. Ya dawo da igiyar sajan, da tabo a cinyar hagu, da kunne guda da ba ya ji sosai. Bayan an sallame shi ƙaramar hukuma ta ɗauke shi yana kula da leburorin gyaran hanya, a nan Tambuwal, nan ne ya gan ni. Mahaifina ya daɗe bai amsa ba, saboda a lokacin sunan soja ba shi da daɗi a gidajen malamai. Sai da ya yi bincike ya ga mutum ne mai shiru, ba ya sha, ba ya wasa da salla, sannan ya ba shi.

Mun yi shekaru tare ban ji labarin yaƙi daga bakinsa ba. Abin da na lura da shi kawai, ba ya cin rogo, dafaffe ko gasasshe, kuma idan yara suna wasan harbi da kara a ƙofar gida yakan tashi ya koma ciki.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda sojoji suka ce za su mayar da mulki hannun farar hula. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, har mu nan mun gani. Ana ta rufin kwano, malaman makaranta sun sayi babura, wanda jiya yake sayar da goro yau ya zama ɗan kwangila. Cikin irin waɗannan akwai Alhaji Garba, shugaban jam'iyya na yankinmu, mutum mai fara'a da iya magana. Ya zo gidanmu da farar Fijo ya ce suna son babanku ya tsaya musu takarar majalisar jiha. Ɗaya jam'iyyar ta tsayar da wani ɗan boko da ya yi karatu a Zariya, su kuma suna neman wanda mutanen ƙauye za su ji nauyinsa. Babanku ya yi shawara da mahaifina, ya yi da ni. Abin da ya ja hankalinsa hanya ce. Ya san kowane rafi da ke yanke ƙauyukan Kebbe da damina, ya sha ganin mace mai naƙuda a kan amalanke ana jiran ruwa ya janye. Ya ce in ya shiga majalisa ko kwalbatoci ya samo, ya yi wani abu. Ya ajiye aikinsa ya amsa.

Tun a kan hoto aka fara samun bambanci. Alhaji Garba ya nemi wanda yake sanye da kaki, babanku ya ba shi na babbar riga. Alhaji bai yi musu ba, sai ya bi ta ƙauye ya karɓo na kakin da ke rataye a ɗakin Gwaggo Hajo, aka buga shi aka liƙa a kowace kasuwa. Duk inda muka ji an je taro, sai makaɗa su tarbe su da kirarin sajan da ya ci gari ya ƙone gari. Shi kuwa in ya karɓi lasifika sai ya shiga maganar rijiya da kwalbati da ɗakin shan magani, har mutane su fara hira a tsakaninsu. Mai ceton taron shi ne Kofur Isa, ɗan ƙauyensu, wanda suka tafi yaƙi tare suka zauna bataliya ɗaya. Shi jam'iyya ta ba riƙon samari. Isa ya iya ba da labari. Yakan kwatanta yadda suka ƙetare ruwa cikin ruwan harsashi, ya kwanta ya tashi, ya yi ƙarar bindiga da baki, wuri ya ɗauki sowa. Ba ƙarya yake yi ba, babanku ya ce duk an yi. Yaƙi ɗaya suka je, amma Isa ya dawo yana ganin a can ne kawai aka san darajarsa, babanku kuma ya dawo ba ya son a tuna masa.

Wata rana da la'asar, yana tsugune yana gyaran sarƙar babur, na ce masa Alhaji ya yi mini ƙorafi, ya ce ko labari guda ya riƙa bayarwa mutane su ji daɗi. Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce:

"Wata rana munka shiga wani ƙauye da hantsi, bayan an kwashe safiya ana jifa tai da manyan bindigogi. Ba kowa ciki. Nis samu tukunya bisa murhu, rogo ya dahu, wuta ba ta ko mutu ba. Tun jiya ban sa komi baki ba. Niz zamna nic ci har nik ƙoshi. Da niz zagaya bayan ɗaki neman ruwan wanke hannu, ga mai girkin kwance, tsohuwa, da muciya hannunta. Awa Innarmu, kamarsu guda. Wanga labari shi ag gare ni. Shi kika so in ba su?"

Na ce a'a. Ya ci gaba da gyaransa, ni ma ban sake tayar da maganar ba.

Yanzu sai in gaya muku batun fadama. Tsakanin ƙauyensu babanku da wani ƙauye da ke ƙetare akwai gulbi, kuma tun kakanni shi ne iyaka. Wata shekara aka yi ambaliya, gulbin ya sauya hanya, ya bar wani yanki na fadamar mutanenmu a wancan gefe. Mutanenmu suka ce gonakin iyayensu ne ko ina ruwa ya bi. Mutanen ƙetare suka ce iyaka ruwa ce. Kowace damina sai an yi cacar baki, dattawa su zauna su raba. A wannan shekara sai siyasa ta shiga, domin mutanen ƙetare ɗaya jam'iyyar suke yi, kuma dattawan da ke zama tare sun daina gaisawa.

Gwaggo Hajo tana da 'ya'ya maza biyu, mijinta ya rasu. Babban shi ne Nasiru, mai mata da jariri, ƙaramin Sani, lokacin bai kai ashirin ba. Da ruwa ya sauka Nasiru ya ƙetare zai shuka shinkafa a gonar ubansa. Ya tarar da wani mutumin ƙetare ya riga ya fara aiki a ciki. Magana ta yi zafi, mutumin ya ɗaga kalme, wato fartanya, ya sauke masa a ka. Aka ɗauko shi a bayan a-kori-kura zuwa Tambuwal, ranar ina bakin aiki. Ni na yanke rigar da ke jikinsa, ni na riƙe kansa ana ɗauri. Ana shirin wucewa da shi Sakkwato rai ya yi halinsa. Babanku yana tsaye a bakin ƙofa. Shi ya yi wa Nasiru huɗuba ranar da aka haife shi, shi ya saya masa keken farko. Bai yi kuka ba. Ya wuce ofishin 'yan sanda ya ba da rahoto, ya roƙe su su tura mutane ƙauyen tun wuri. Suka ce motarsu ta tafi Sakkwato, sai ta dawo. Muka ɗauki gawa muka tafi, aka yi jana'iza kafin magariba.

Washegari da hantsi ina cikin gida wurin mata ana zaman makoki, sai muka ji ganga. Ba irin ta biki ba ce. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce rabonta da jin wannan kiɗa tun tana yarinya. Aka ce samari sun taru a mafitar jirgi, wato inda ake shiga kwalekwale a ƙetare, da baka da kibau da adduna da bindigogin farauta, Kofur Isa yana jera su sahu-sahu. Sani na cikinsu da bindigar ubansa.

Daidai lokacin Alhaji Garba ya iso ta'aziyya. Na kai musu ruwa zaure, don haka na ji abin da aka faɗa. In faɗi gaskiya, Alhaji bai ce a je a kashe kowa ba. Cewa ya yi babanku ya sa kakinsa in yana kusa, ya shige gaban samarin zuwa bakin ruwa, ya yi magana mai zafi, ya nuna ba za a taɓa jininsu a kwana lafiya ba. Kafin a yi wani abu 'yan sanda sun iso. Zaɓe saura 'yan makonni, in ya yi haka duk ƙauyukan wannan gefe nasa ne, in kuwa ya noƙe ba wanda zai sake kallonsa. Babanku ya ce masa wanda ya jera mutane a bakin ruwa da makami ya zuga su, ba shi da ikon ce musu su koma gida. Ya ce ya ga yadda ake farawa, kullum da magana ake farawa, kuma masu maganar ba su ne ake ɗaukowa a kan kafaɗa ba.

Suna cikin haka Gwaggo Hajo ta fito. Mace mai takaba ko mai makoki ba ta zuwa zaure cikin maza, amma ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Muryarta ba ta tashi ba.

"Umaru, ka tafi ƙasar da ba ka sani ba, ka yi ma gwamnati yaƙi da mutanen da ba su yi ma komi ba. Yau an kashe ɗana, ɗanka, ga ka zamne kana shan ruwa."

Ya sunkuyar da kai ya ce:

"Yaya, in nik kai su, gobe uwaye nawa za su zamna inda kike zamne? Sani na cikinsu."

Ta ce Sani namiji ne, ya san abin da ke kansa. Ta ce ita ba ta goyi matsoraci ba, ta juya ta koma ciki.

Babanku ya tashi ya nufi gulbi, da rigar da ya yi jana'iza da ita. Na ajiye tire na bi bayansa tare da wasu mata, muka tsaya nesa kaɗan ƙarƙashin wata giginya. Samarin na ganinsa suka ɗauki sowa, sun zaci ya zo ya ja su ne. Isa ya ƙame ya sara masa. Babanku ya wuce shi. Ya bi sahun yana duba abin da ke hannun kowa, kamar yadda na san yana duba aikin leburori. Ya tambayi wani sau nawa bindigarsa ke tashi kafin a sake ɗura ta, ya ce sau ɗaya. Ya tambaye shi a cikin kwalekwale zai ɗura, ruwa na jansa, mutane na harbinsa daga cikin ciyawa? Ya ce musu mutanen ƙetare ba barci suke ba, sun ji gangar nan kamar yadda kowa ya ji. Ya ce ko an ci sa'a an ƙetare, an ƙone gari, wanda ya kashe Nasiru shi zai fara gudu, waɗanda za a samu tsofaffi ne da masu jego. Bayan nan mutanen ƙetare ma za su zo, a ranar da suka zaɓa.

Isa ya katse shi, ya ce da haka suka yi tunani a fagen daga da ba a ci yaƙi ba. Ya ce namiji sau ɗaya yake mutuwa, kuma mutuwar fage ba ta da zafi, su sun gani. Nan ne babanku ya juyo ya dube shi.

"Isa, gaya musu yadda Mamman na gidan Liman yam mutu."

Mamman na cikin waɗanda suka tafi tare bai dawo ba. Abin da aka gaya wa ƙauyen shi ne harsashi ya same shi a ƙirji yana kan gaba, ya yi kalmar shahada ya cika nan take. Isa ya ce wancan daban ne. Babanku ya ce:

"Ba daban ba ne. A ciki anka same shi. Tun hantsi har la'asar shina riƙe da hanjinai da hannu biyu, shina kiran innatai. Kai ka aza kainai bisa cinyarka. Shina roƙonka ka ƙarasa shi, kana kuka. Ka gaya musu ba zafi."

Liman, mahaifin Mamman, yana cikin dattawan da suka biyo, na ga an riƙe shi an zaunar. Babanku ya gaya mini daga baya cewa a duk abin da ya yi ranar, wannan ne ya fi tsaya masa a rai, domin shi da Isa ne suka haɗa baki suka ɓoye wa tsohon, kuma ya so Liman ya mutu bai sani ba. Amma ya ce bai ga wata magana da za ta tsayar da ƙafafun yaran nan ba sai ita. Fuskar Isa ta canza, ya juya baya yana kallon ruwa.

Sai babanku ya kira maigari, wani dattijo mai sanyin hali, ya ce su ƙetare su biyu. Ya cire hularsa ya zazzage aljihunsa a gaban kowa don a ga ba ya ɗauke da ko wuƙa. Ya sa masu fito suka kwance sauran kwalekwalen suka bi su da su, don kada a bar ko ɗaya a wannan gefe. Kafin ya shiga ya ce wa samarin yana can cikin mutanen, duk wanda ya yi harbi ko ya yi iyo ya ƙetare, ya sani shi za a fara yankawa. Yana wucewa ya dube ni sau ɗaya. Ina da cikin ɗaya daga cikinku a lokacin. Na tsaya ina kallon jirgin har ya shige cikin ciyawar wancan gefe.

Abin da ya faru a can daga bakinsa da na maigari na ji. Mutanen ƙetare sun kwashe mata da yara sun kai daji, maza kuma suna kwance cikin ciyawa a bakin ruwa, daidai inda jirgi ke tsayawa. Babanku ya ce da samarinmu sun taso, rabinsu ba za su taka ƙasa ba. Aka kewaye su, aka kai su wurin maigarin can. Da fari suka ce ba su san inda wanda ya kashe Nasiru yake ba. Babanku ya ce to zai zauna har su sani, ya nemi buta ya yi alwala ya bi su sallar azahar. Ya gaya musu ba fadama ta kawo shi ba, ba kuma ƙuri'a ba. Mutum guda ya yi kisa, a miƙa shi ga hukuma, in ba haka ba shi ba zai iya riƙe yaran can fiye da yau ba. Dattawansu suka shiga suka fita, har suka kawo mutumin. Suka ce ba za su ba da shi a ƙetare da shi ba, don sun san ba zai kai gari da rai ba. Babanku ya ce shi ma bai nema ba. Aka zaunar da shi a zaure ɗaya da babanku har 'yan sandan da aka aika wa suka iso ta hanyar wancan gefe, wajen la'asar, suka tafi da shi.

Mutanenmu ba su ga wannan ba. Abin da suka gani shi ne sajan ya tafi wurin waɗanda suka kashe ɗansa, ya yini, ya dawo hannu wofi. Yana fitowa daga jirgi wani ya jefe shi da laka ta same shi a kafaɗa. Maigari yana ta bayani ba mai saurare. Sani ya zo ya tsaya a gabansa, ya dube shi, ya tofar da yawu a ƙasa ya wuce. Amma rana ta yi sanyi, yunwa ta kama mutane, zafin safe ya sauka. Ɗaya bayan ɗaya suka watse. Ba a yi faɗa ba, ranar ko bayanta.

A hanyarmu ta komawa Tambuwal na ce masa Allah ya sa ya yi masa sauƙi da zuciyarsa ba ta ɗauki fansa. Ya tsayar da babur a gefen hanya ya ce:

"Kina zaton ban so ba? Ga wanda yak kashe Nasiru nan zamne kusa gare ni, wuyanai a buɗe. Na san inda aka kamawa, an koya min, na kuwa yi. Hannuwana nis sa ƙarƙashin cinya niz zamne su har 'yan sanda sunka zo."

Nan ya yi kukan da bai yi a asibiti ba. Na jira ya gama, muka ci gaba da tafiya.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama kasuwanni, kowa da irin nasa. Wasu suka ce ya gudu ya ɓuya wurin abokan gaba, wasu suka ce an saye shi, wasu suka ce fura aka dama masa ya sha ya manta da ɗansa. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka sa aka yi waƙa da shi, yara na bi suna rerawa. Aka yayyage hotunan nan na kaki. Kofur Isa ya kwashe samarinsa ya koma wancan ɓangare, bai sake yi wa babanku magana ba har ya bar duniya. Alhaji Garba ya zo gida ya ce sunan ya riga ya shiga, ba a iya canzawa, amma motar da lasifikar za a kai su inda ake da sa rai. Bai yi faɗa ba, har ya ce a ransa ya san abin da aka yi shi ne daidai, sai dai daidai ba ta cika akwati. Na roƙi babanku ya zagaya ya yi bayani, ga maigari shaida. Ya ce in ya tsaya yana faɗin yadda mutanen ƙetare suka yi kwanto, samarin za su ji an raina su, abin ya sake tashi. Gara a zage shi. Ya ci gaba da zuwa taro a kan babur ɗinsa, yana maganar kwalbati ga wanda ya tsaya.

Ya faɗi zaɓe, faɗuwa mai muni. Ko a akwatin ƙauyensu bai yi rinjaye ba. Mutanen ƙetare ma, da ya hana a ƙone musu gari, jam'iyyarsu suka zaɓa, kuma bai yi mamaki ba. Muna tsakar gida da rana aka faɗa a rediyo, ya saurara har ƙarshe, ya kashe, ya tambaye ni ko akwai sauran tuwo. Aikinsa na hukuma ya riga ya tafi, waɗanda suka ci kuma ba su da niyyar mayar da shi. Muka zauna a kan albashina da 'yar gonar da mahaifina ya ba shi aro, sai daga baya wani ɗan kwangilar hanya ya ɗauke shi yana kula masa da ma'aikata. Mutumin da ake yi wa kiɗa a kasuwa ya koma ana nuna shi da baki. Bai sake shiga siyasa ba.

Kotu ta ce kisan ba da niyya ba ne, faɗa ne ya kai ga haka, ta yanke wa mutumin 'yan shekaru. Hukuma ta zo ta kafa duwatsu a fadama, gonar Nasiru ta dawo hannun gidansu. Gwaggo Hajo ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba. Ta daina yi mana magana. In mun aika da hatsi ko turmin zane da salla, sai a dawo da su yadda aka kai. Na haihu ba ta zo suna ba. In babanku ya je ƙauye ya yi sallama a ƙofarta, sai a ce tana barci, ya zauna a zaure ya gama zamansa ya taso. Wannan ya fi faɗuwar zaɓe ci masa rai, don ita ce uwar da ya sani. Ban taɓa jin ya ce ta yi kuskure ba. Yakan ce ɗanta aka kashe, tana da gaskiyarta.

Aka yi shekaru a haka, har mutumin ya gama zaman kaso ya fito. Gwaggo Hajo ta gan shi da idonta a kasuwar Kebbe yana cinikin akuya, ya yi ƙiba.

Bayan wannan da 'yan kwanaki, da hantsi, na dawo daga aikin kwana ke nan, aka yi sallama. Na leƙa zaure na ga Gwaggo Hajo tsaye, ta rame ta tsufa, bayanta ga Sani ya zama cikakken mutum, yana riƙe da ƙullin kaya yana kallon ƙasa. A hammatarta akwai tabarma naɗaɗɗiya. Na yi mata maraba na ce ta shigo, ta ce nan ma ya isa, in kira mata Umaru. Ya fito da sauri ba ko takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ajiye tabarmar ta warware, ga bindigar mijinta a ciki, an goge ta an sa mata mai. Ta ce ta tarar da Sani yana gyaranta a bayan rumbu, kuma an gaya mata yana ta tambayar ranar da mutumin ke zuwa kasuwa da hanyar da yake bi. Ta ce ta yi kwanaki tana kallonsa ba ta hana ba, don ranta na so. Sai ta tuna in ya yi, ko a rataye shi ko 'yan'uwan wancan su tare shi a hanya.

"Ban yafe ma ba, Umaru, kada ka zaci shi yak kawo ni. Amma guda yar rage min. Na yi magana bai ji ba. Kai ka iya tare mutum, to ga shi, ka tare."

Babanku ya ce to, Yaya. Ya naɗe tabarmar da abin da ke cikinta ya kai ɗakinsa, ya dawo ya karɓi ƙullin kayan daga hannun Sani. Na kawo ruwa ta sha a tsaye. Na ce ta jira abinci, ta ce motar da ta kawo su za ta juya. Ya raka ta tasha yana bin ta a baya, ba ta waiwayo ba.

Sani ya yi wata da watanni a gidan nan ba ya haɗa ido da kawunsa. Kullum da safe babanku zai ɗauke shi a babur zuwa wurin aikin hanya, ya ba shi shebur, su dawo da yamma a gajiye. Ranar kasuwar Kebbe kuwa ba ya barin shi ya yi nisa da shi ko da taki ɗaya. Ban san abin da suke faɗa a hanya ba, ban kuma tambaya ba. A hankali ya koyi tuƙin babbar mota, a gidan nan aka yi masa aure, shi ne wanda kuka tashi kuna kira Yaya Sani.

Gwaggonku ba ta taɓa kwana a gidanmu ba, ba ta kuma janye maganarta ba har ta rasu, shi ma bai taɓa roƙonta ta janye ba. Sai dai tun daga wannan shekara ta daina mayar da abin da muka aika. Kuma duk kaka, in an yanke shinkafar fadama, sai ta aiko da buhu guda a mota, da saƙon da ba ya canzawa. Direban zai sauke buhun a ƙofar gida ya ce:

"Hajo ta ce a gai da Sani, da mai riƙonai."